Musayar Baiti a kan Raga Yaman ta Arewacin Indiya

Malam Mai Sarewa:
Salama gare ku, ga baitin buɗewa,
Kan raga Yaman, wani tsarin muryoyin waƙar Indiya, nake son tattaunawa.
Lokacinta bayan rana ta gama faɗuwa,
A kason farko na dare ake rerawa.
Muryoyinta bakwai ne cif, Sa Re Ga Ma Pa Dha Ni, ba a ragewa,
To a ina ɗalibi ke fara zamewa?

Gwaggo Asabe:
Malam, a kan Ma ake samun ɓata.
Shida na nan daram, kowace a mazauninta,
Ma kaɗai ake ɗagawa rabin taki daga inda aka san ta,
Tivra Ma ke nan, haka masu abin ke kiranta.
In Sa na kan C a harmoniya, baƙin maɓallin F# ne nata.
Ka bari ta sauko F, Yaman ta kama gabanta,
Muryoyin raga Bilawal sun maye gurbinta.

Ɗan Autan Zaure:
Gwaggo, gaskiya ne, amma da saura.
Ba daga Sa ake hawa ba, a lura,
Ni ta ƙasa ce ƙofa, daga nan za ka fara.
Ni Re Ga, ka tsaya kan Ga ka saurara,
Ma Dha Ni Sa, ita Pa sai ta jira,
Sai an juyo ƙasa ake ba ta kujera.
Daga Pa ka ja murya zuwa Re, kar ka dira,
Jan nan shi ne mind, in ya tsinke sai gyara.

Yaya Mai Tabla:
Auta ka iya, bari in ɗora da kashedi.
Ga ce sarauniyar gidan, ita ce vadi,
Ni ce wazirinta, ana ce mata samvadi.
Igiyar farko ta tampura, garayar da ke raka murya, a sa ta Pa, ko Ni, ta fi daɗi,
Sauran uku kan Sa, ta ƙarshe a ƙasa, mai amo da faɗi.
Re ta sauka rabin taki? Puriya Kalyan ce, Yaman ta faɗi.
Ka yar da Ma da Ni, saura biyar, Bhupali ce babu ruɗi.

Malam Mai Sarewa:
Madalla. Masanin kiɗa Bhatkhande ya kasa ragogi gida goma,
A gidan Kalyan ya ba Yaman wurin zama.
A kudancin Indiya Kalyani ce, ta 65 cikin manyan ragogi 72, ba gardama.
Ma marar ɗagi in ta leƙo tsakanin Ga biyu kuma,
Yaman Kalyan ce wannan, a raba su tun ba a yi nadama.
Mai Tabla, ba mu kiɗan tintal a gangarka, bugu 16 mu kama,
Tafi a 1, 5 da 13, a 9 a kaɗa hannu sama,
Auta, duk jan da za ka yi, kan bugun farko za ka gama.