Neman kalma: kanular da ake sakawa a ayota yayin tiyatar zuciyar yara

Malamai da likitoci, ina neman shawararku a kan sunan da za mu ba wani mataki na tiyatar zuciyar yara, wato shigar da kanula cikin ayota, babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, kafin a haɗa yaro da na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu, irin wadda John Gibbon ya fara yin nasara da ita a Amurka a 1953.

Ayota ba ta ba ni wahala ba. Jijiya kaɗai ba ta isa, tunda har agara jijiya muke ce mata, amma "uwar jijiya" ta zauna daidai, domin daga gare ta ne jijiyoyin da ke raba jini ga jiki suka yi rassa.

Kanula ce matsalar. Kowa ya san kalmar a asibiti, sai dai abin da ke zuwa a rai shi ne 'yar robar da ake maƙalawa a bayan hannu don ƙarin ruwa. Uwar da aka ce za a sa wa jaririnta kanula za ta ɗauka ƙaramin abu ne, alhali sai an buɗe ƙirji, likita ya yi ɗinki zagaye a jikin jijiyar kamar zariyar wando, ya tsaga tsakiyarsa, ya shigar da robar da kaurinta bai kai milimita 3 ba, sannan ya ja zaren ya tsuke. Bakinta kuma ba a so ya tokare bangon jijiyar, ko ya karkata cikin reshen da ke kai jini zuwa kai da hannun dama. A jaririn da ɓangaren hagu na zuciyarsa bai girma ba, jijiyar kan tsaya a kusan milimita 2, sai a ɗinka wata roba a wancan reshen a bi ta nan.

Tiyo ya yi kama da ban ruwan lambu, mazurari kuwa na mai ne, saboda haka na zaɓi bututu. "Dasa" ta riga ta tafi ga dashen ƙoda, "soka" kuma tana tsorata iyaye, sai na tsaya a kan "zura".

Abin da nake gabatarwa ke nan: zura bututun jini a uwar jijiya, ɗinkin kuma a kira shi ɗinkin zariya. Likitocin da ke yi wa iyaye bayani kafin aiki, ko bakinku zai iya ɗaukar wannan tsawon?