Neman shawara: jika 250 gare ni, ƙafafu zan sauya wa kekena ko amortisa?

Sanusi Zango:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da keken hawan duwatsu na gwanjo, irin mai amortisa gaba da baya. Wani abokina ya kawo mini shi daga Kano bara waccan. Jikinsa alminiyam ne, ƙafafunsa inci 27.5, fok ɗin gaba, wato amortisar da ke riƙe ƙafar gaba, na sifirin ne, an rubuta 120 a jikinsa, wato yana lotsawa milimita 120, amortisar baya kuma ta iska ce. Nauyina kilo 78.

Hawana duk a nan kewayen Damagaram ne. Da asuba nakan zagaya duwatsun bayan Birni, ranar Lahadi kuma in kama hanyar Mirriya, in bar kwalta in shiga hanyoyin gonaki. Abubuwa uku ke damuna. Fok ɗin ya yi tauri, in na faɗa rami sai na ji shi har kafaɗa. Baya yana wata 'yar ƙara, ƙwas-ƙwas, musamman a kan tsakuwa. Na ukun shi ya fi ci mini rai: ƙaya. Makon jiya sau uku na tsaya wurin mai faci, tub ɗin baya faci goma sha ɗaya ke jikinsa, da hannuna na ƙirga. In na shiga rairayi kuma ƙafar gaba sai ta nutse ta karkace, dole in sauka in tura.

Na tara jika 250. Zuciyata na kan fok na iska, irin RockShox Recon ko Judy. Amma wani ya ce in fara da ƙafafu. Kuɗin ba za su ɗauki duka biyun ba. Don Allah waɗanda suka riga ni sani, da wanne zan fara?

Bashir (Yamai):
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, sayi fok. Ni da na bar na sifirin na koma na iska, kamar sabon keke na saya. Na sifirin nauyin mutum ɗaya aka yi wa, in ka fi shi nauyi ya nutse, in ba ka kai ba ya ƙi motsi. Na iska kuwa kai ke sa masa iskar da ta dace da jikinka, ga shi ya fi sauƙin nauyi. Kada ka tsaya dogon tunani.

Usta Mamman:
Malam Bashir, abin da ka faɗa a kan fok na iska gaskiya ne, amma ina ganin an yi gaggawa. Sanusi, ƙanena, shekaruna da yawa ina gyaran keke da babur a garin nan, bari in tambaye ka: tunda keken nan ya zo hannunka an taɓa buɗe fok ɗin? Na san amsar. Shekara biyu yana shan ƙurar hunturu ba wanda ya leƙa cikinsa.

A bakin kowace ƙafa ta fok akwai zoben roba mai share ƙura, ƙarƙashinsa kuma ko dai giris ko wani siririn soso mai riƙe mai. Ƙurarmu mai laushi ce kamar garin tuwo, tana bi ta ƙarƙashin robar nan a hankali ta cakuɗe da man. Watan jiya na buɗe na wani yaro, sosan ya zama baƙi ƙirin, ya bushe, na murza shi da yatsa ya farfashe kamar ƙanzo. Muka wanke, muka sa sabon mai, fok ɗin da yake cewa ya mutu ya dawo yana lilo da ɗan yatsa. Kamfanin RockShox da kansa cewa ya yi a buɗe ƙasan fok a sauya mai duk bayan awa 50 na hawa, kuma ba don masu zama bakin hamada suka yanka wannan ƙa'ida ba. In ka sayi na jika 200 ka bar shi yadda ka bar wannan, bayan hunturu biyu za ka dawo da kuka iri ɗaya.

Ka duba sandunan nan biyu masu sheƙi da ke shiga suna fita. Ka bi su da farce. In sumul suke, fok ɗinka na da sauran rai. In ka ji gurzawa ko ka ga fentin ya cinye a gefe guda, to a nan ne za mu yi maganar sabo.

Ƙarar baya kuwa, ban yi zaton amortisa ce ba. Tsaya gefen keken, ka riƙe sirdi, ka ɗaga shi kaɗan kamar za ka ɗauke ƙafar daga ƙasa amma kada ka ɗauke, ɗaya hannun kuma ka dora yatsa a inda amortisa ta haɗu da jikin keke. In ka ji wani ɗan motsi ƙarƙashin yatsanka, ƙaramin zoben da ke cikin idon amortisar ne ya cinye. In ba nan ba, bi gaɓoɓin baya ɗaya bayan ɗaya, boris ne. Abin kuɗi kaɗan ne, mutane kan zubar da amortisa lafiyayya saboda shi.

Hamza Karkada:
Ina bayan Usta. Kuma wace iska ce a amortisarka ta baya? Da me kake auna ta?

Sanusi Zango:
Gaskiya ban taɓa aunawa ba. Sau ɗaya na kai wa mai faci ya gwada sa mata iska da injinsa, ba ta shiga ba.

Hamza Karkada:
Ba za ta shiga ba. Ɗakin iskarta ƙarami ne amma matsinsa ya ninka na tayar mota nesa ba kusa ba. Akwai ɗan famfo nata na musamman mai agogo, wanda ke kai psi 300 (psi ma'aunin matsin iska ne). Kafin fok, kafin rim, shi za ka fara saya, don ko ka sayi fok ɗin da Bashir ke faɗa ba ka da yadda za ka yi da shi in babu famfon nan.

Ga yadda ake aunawa. Akwai siririn zoben roba a sandar amortisar, in ya ɓace ɗaura zare. Tura shi sama har ya taɓa jikinta. Jingina da bango, ka hau a hankali da kayan da ka saba hawa da su, har gorar ruwa, kada ka yi tsalle. Sauka a hankali, ka auna tazarar da zoben ya matsa. Ana son ta kama kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na duk tafiyar sandar. Misali in tafiyarta milimita 51 ce, zoben ya matsa kamar 13 zuwa 15. A gaba kuma kashi 15 zuwa 20, wato a fok mai 120 kamar milimita 18 zuwa 24. Akwai kuma wani ɗan maɓalli, galibi ja ne, shi ke saita saurin dawowarta bayan ta lotsa. In ya yi sauri keken zai riƙa harba ka sama, in ya yi nawa kuma za ta ƙi miƙewa tsakanin rami da rami ka ji baya ya zama kamar katako.

Abdul-Aziz (Faransa):
Yaya Sanusi, ni ɗan Tudun Jamus ne, karatu ya kawo ni nan, ina kuma taɓa aiki a wani shagon kekuna. Ra'ayina ƙafafu, saboda biyu daga cikin matsalolinka a ƙafa suke. Fok, komi tsadarsa, ba ya hana tsidau huda tub, ba ya hana taya nutsewa a rairayi.

Kekuna irin naka na shekarun baya yawanci siririn rim gare su, faɗin cikinsa milimita 19 zuwa 21. Siririn rim na tilasta maka cika taya da iska, don in ka rage sai ta riƙa lanƙwashewa a kwana ko rim ya cije tub a kan dutse. Taya mai tauri kuma yanka rairayi take kamar wuƙa. In ka sami rim mai faɗin ciki 27 zuwa 30, ka ɗora masa taya mai faɗin inci 2.4, ka mai da shi tubles kamar na babur, za ka iya saukowa wajen psi 22 a gaba, 25 a baya, da nauyinka. Tayar za ta baje ta hau kan rairayi, ta kuma shanye ƙananan tsakuwar da kake ji a hannu tun kafin ta kai ga fok.

Maganar ƙaya kuwa, ruwan faci ake zubawa cikin tayar, fari kamar madara. Ƙaya ta shiga, iska ta turo ruwan bakin hudar, ya daskare nan take. Za ka dawo gida ka tarar da tsidau biyar-shida a jikin taya, iska ba ta ragu ba. Ƙayar aduwa ko ta bagaruwa ma yakan toshe, sai dai in ta yaga gefe. Abin da zan gaya maka tsakani da Allah shi ne ruwan nan bushewa yake yi, kuma zafin Damagaram na Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, zai busar da shi da sauri fiye da nan. Ka riƙa girgiza ƙafar kusa da kunne duk wata, in ba ka ji motsin ruwa ba ka ƙara. Kada ka jingine keken a rana. Ka sayi babbar kwalba tun farko, kuma ka riƙa tafiya da tub ɗaya a aljihu.

Rim na alminiyam za ka nema mai sifok 32. Na kabon yana da kyau, amma in ya daki dutse ya tsage shi ke nan, na alminiyam kuwa ko ya lotsa Usta zai miƙe maka shi. Ka kuma duba lambar da ke gefen taya: 584 ita ce 27.5, 559 ita ce 26, 622 kuma 29. Ba sa shiga wa juna, ko da mai shago ya rantse.

Bashir (Yamai):
Na yarda da maganar ƙaya, nan Yamai ba mu fama da ita kamar ku. Amma fa in zai sauya fok daga baya, ya yi hankali kada ya sayi ƙafar gaba sau biyu. Ni abin ya same ni. Na yi cinikin biri a sama da wani a intanet, ƙafa ta iso bayan wata guda, na zo ɗaurawa cibiyarta ta ƙi shiga fok. Tana nan rataye a ɗakina.

Abdul-Aziz (Faransa):
Wannan magana ta Yaya Bashir ita ce muhimmiya. Cibiyar ƙafa iri-iri ce. A gaba akwai tsohon yayi mai siririn ƙarfe da maɗaurin hannu, faɗinsa milimita 100. Akwai mai kaurin sanda 15 faɗi 100. Sai wanda ake kira Boost, 15 da 110, kuma yawancin sababbin fok yanzu shi ne. A baya akwai 135, da 142, da 148. Na baya ba ya sauyawa, jikin keken ne ya yanke maka shi. Na gaba kuwa fok ne ke yankewa. Haka wuyan keke: akwai miƙaƙƙe mai inci 1 da 1/8 sama da ƙasa, akwai mai faɗin gindi da ke buɗewa zuwa inci 1.5 a ƙasa. Sai faifan birki, ko mai ƙusa shida ko na Centerlock, mai ɗaurewa da zobe ɗaya. Yaya Sanusi, auno mana duk waɗannan kafin ka fitar da ko dala.

Malam Issufu:
Ni dattijo ne a cikinku, keke nake hawa tun kuna goye. Abu ɗaya zan ƙara. Kada a raina sifirin. Amortisar iska robobi ne ke riƙe da ita, ranar da ɗaya ya tsage a dajin hanyar Tanut, keken zama zai yi daɓas, kuma robar ba a Kasuwar Dole take ba, sai an aika Kano ko Yamai, wani lokaci can ma a rasa. Sifirin ko man cikinsa ya tsiyaye zai kawo ka gida. Duk abin da za ka saya, ɗana, ka fara tambayar wa zai gyara shi a garin nan, sannan ka sayo shi tare da robobinsa na canji. Kuma ku daina kai kekunan nan wurin wankin mota ana fesa musu ruwa mai ƙarfi, shi ke tura ƙasa cikin boris. Tsumma da bokiti sun isa.

Ɗan Mirriya:
Tunda za a sayi fok wata rana, me zai hana ya sa mai 150 gaba ɗaya? Ba ya fi shanye rami ba?

Hamza Karkada:
A'a. Jikin keken don 120 aka ƙera shi. Duk milimita 20 da ka ƙara, gaba zai ɗaga, kusurwar wuya ta kwanta da kusan digiri ɗaya, ga ƙarin nauyi a kan waldar wuyan. A hawan dutse ƙafar gaba za ta riƙa tashi. 130 ba laifi, fiye da haka ban ba shi shawara ba. Ta baya ma haka, tsawonta daga ido zuwa ido da tafiyar sandarta dole su zo daidai da ta asali, in ba haka ba taya za ta iya dukan jikin keke.

Sanusi Zango:
Allah ya saka muku da alheri, na kwana ina karantawa. Da safen nan na auna. Baya 142 ne mai sanda 12, gaba tsohon yayi ne mai 100. Wuyan mai faɗin gindi ne. Faifan birki ƙusa shida. Amortisar baya 190 daga ido zuwa ido, tafiyarta 51. Rim ɗin na cire taya na sa rula, 19 ne cif. Sandunan fok na bi su da farce, sumul suke. Usta, na yi gwajin sirdin nan, motsin yana nan daidai idon amortisa na sama, har ina jin ƙwas ɗin a yatsana.

To yanzu ƙafar gaba fa? In na saya mai 100, ranar da na sami kuɗin fok ta zama asara ke nan?

Usta Mamman:
Ba sai ka sayi ƙafa sukutum ba. In cibiyoyinka lafiya suke, rim biyu kawai za a sayo, da sifok daidai tsawonsu, in ɗaure maka su a kan cibiyoyin da kake da su. Ranar da fok ya zo, cibiyar gaba kaɗai za a sauya, rim na nan. Kafin ka yi odar taya 2.4 ka auna tsakanin ƙarafan baya, a bar aƙalla milimita 6 kowane gefe saboda taɓon damina, in wurin ya matse ka sa 2.3 a baya. Abdul-Aziz, in kana da mai zuwa gida, haɗo masa rim ɗin da tef ɗinsu da bawul, da famfon amortisa, da ruwan faci, da zoben idon nan guda biyu. Taya a fara tambaya a Kano.

Abdul-Aziz (Faransa):
Akwai wanda zai taho ƙarshen wata. Yaya Sanusi, ƙirga mini ramukan sifok na cibiyoyinka, gaba da baya, don rim ɗin ya zo da adadi ɗaya. Ka kuma cire ƙusar idon amortisar ka auna kaurinta da faɗin wurin da take zama, ka turo mini hoto da rula a gefe.

Usta Mamman:
Fok ɗin kuma ba sai ya jira kowa ba. Kawo shi Asabar bayan la'asar, ka taho da tsumma mai tsabta. Kai za ka kwance da hannunka ina kallo, don na gaba a gida za ka yi shi.