Ɗan marigayi ƙanena: yaushe zan yanki tikitin tafiya da shi Amurka?

Baban Husna: Salamu alaikum. Ina da takardar zama ɗan Amurka. Ƙanena ya rasu ya bar yaro mai shekara 14 a Najeriya, kotu ta ba ni riƙonsa, an kuma amince da I-600A ɗina, wato fom ɗin da hukumar shige da fice ta Amurka ke tantance mai son ɗaukar maraya ɗa da shi. Hutun mako uku kawai nake da shi. In yanki tikiti na zo mu taho tare?

Yaya Hajjo: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙansa. Malam, kar ka yanki tikiti tukuna. Abin gaggawa shi ne shekarun yaron: dole a shigar da I-600, fom ɗin neman a amince da shi yaron a matsayin marayan da za ka ɗauka ɗa, kafin ya cika 16. I-600A kai ta tantance, ba yaron ba. Bayan I-600 sai binciken I-604, inda ƙaramin ofishin jakadancin Amurka a Legas ke tabbatar da cewa yaron maraya ne a dokarsu. Nan ake daɗewa, watanni ne ba makonni ba, don suna iya zuwa har kotun da asibitin da suka ba da takardu. Ba ka faɗa mana ba: mahaifiyarsa tana raye? In tana raye, sai an nuna ba ta da halin kula da shi, ta kuma sa hannu a rubuce cewa ta sallama shi har abada ya fita waje a ɗauke shi ɗa. Iyaye mata da yawa a nan suke ja da baya, kuma da gaskiyarsu.

Malam Na'ibi: Ka sake karanta takardar kotun. Riƙo daban, mayar da yaro ɗanka a doka daban. Kotun shari'a kafala, wato riƙo, take bayarwa, yaro na nan da sunan ubansa. Da irin wannan takardar bizar IR-4 (ta yaron da za a kammala ɗaukarsa ɗa a Amurka) ake nema ba IR-3 (ta wanda aka riga aka kammala ɗaukarsa ɗa a ƙasarsa) ba, kuma sai ta nuna an yarda yaron ya bar ƙasar a kammala ɗaukarsa can. In babu wannan a ciki, komawa kotu za ka yi. Tun 2014 kuma dole a bi ta hukumar ɗaukar yara mai lasisin Amurka, ko da yaron jininka ne.

Yaya Hajjo: Na manta: a daidaita suna da ranar haihuwa a takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, NIN, fasfo da hukuncin kotu. "Muhammad" nan, "Mohammed" can, ya isa a dawo da fayil. Takardar mutuwar da aka yanka shekaru bayan rasuwa tana jawo tambayoyi, a haɗa ta da bayanan asibiti.

Ɗan Zazzau: Ku kula da abubuwan da ke ƙarewa ana cikin jira. Hoton yatsunka da aka ɗauka don I-600A wata 15 yake yi, a nemi sabuntawa tun da saura. Gwajin lafiyar yaro kuwa wata shida ne galibi, kuma wa'adin bizar na bin sa, don haka kar a yi shi sai an ba da ranar ganawar neman biza. A Legas ake ganawar, ba Abuja ba. Ko an ce an amince ranar, fasfon yaron na iya ƙara kwanaki a hannunsu. Ka ajiye hutunka sai ranar ganawa ta fito, ka sayi tikitin da ake canza wa rana, na yaron kuma sai biza ta hau fasfo.