Rigar Fata a Ƙofar Aidan: Musayar Waƙa

Ɗan manomi, Zuru:
Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Ran Lahadi an karanta mana Farawa sura 3 a sujada, labarin yadda aka fitar da Adamu da Hawwa'u daga gonar Aidan. Litinin na wuni ina tuge ƙuduji a gonar dawa, maganar ta ƙi barina. Na ƙulla ta da waƙa, mai amsa ya kwance mini da waƙa.

Tun da asuba nake duƙe a kunya,
Kanta a hannu, a ƙafa ga ƙaya.
Ƙuduji ya shanye mini rabin dawa,
Abin da ya saura a auna da tiya.
Adamu ɗan itace guda ya gatsa,
Ba dami ya sata ba, ba tunkiya.
Sai ga shi an la'anta ƙasa dominsa,
Gumi da turɓaya, gadon zuriya.
An tsai da mala'iku kerubobi gabas da gona,
Takobin wuta ya tare hanya.
Baba, ku faɗa mini, ina jinƙan yake?
Ni dai bulala nake ji a baya.

Baba, tsohon mai bishara, Ribah:
Sannu da aiki, ɗana. Tambayarka ba saɓo ba ce. Sai dai ka bi surar da gudu, ka tsallake aya ta 9 da ta 21.

Ɗana, koma ka bi surar sannu,
Mai sauri kan wuce rijiya da ƙishirwa.
Ba girman loma aka auna ba,
Amana suka ci, ita ce abin dubawa.
Sun so su zama kamar Allah,
Suka ƙare bayan itace suna laɓewa.
Wa ya fito nema da sanyin la'asar?
Mai gonar da kansa, bai aiko bawa.
"Ina kake?" ya ce, alhali ya sani,
Kiran uba ne ga ɗan da ke ɓacewa.
La'ana ta hau maciji, ta hau ƙasa,
Duba da kyau, ba Adamu ba, ba Hawwa.
An ce masa ranar da ya ci zai mutu,
Ya shekara 930 kafin rasuwa.
Mutuwa ta shigo, wannan ban musa ba,
Amma an bar masa lokacin shuka da haihuwa.

Mama, ta zumuntar mata, Yelwa Yauri:
Baba, a yi mini izini in sa baki, don aya ta 21 tamu ce, mu masu zare da allura. Ita kuwa ta 16, mai maganar naƙuda, ba malamin da zai koya mini ita.

Sau bakwai na durƙusa, na san zafin,
Hukuncin Hawwa'u a jikina na karanta.
Biyu na binne tun suna goye,
Kukanka, ɗana, wa zai ƙaryata?
Amma ka taɓa riƙe ganyen ɓaure?
Kaushi gare shi, yana ƙaiƙayin fata.
Kwana biyu ya bushe ya marmashe,
Shi suka ɗinka, kunya na cin zukata.
Wanda suka saɓa wa, Shi ne ya dube su,
Ya yi musu riga mai jure ƙaya, ta fata.
Bai jefa musu ita daga nesa ba,
Ya suturta su, kamar uwa da 'yarta.
Ranar da maigidana ya kori ɗanmu
Kan kuɗin taki da ya ɗauka ya ɓata,
Ban hana ba, laifin a fili yake,
Amma na kwana da allura, ban huta.
Na ɗinke masa rigar da ta yage,
Garin rogo da busasshen kifi na zuba a jakata.
Da asuba na miƙa masa a bakin zaure,
Ban ce uffan ba, hawaye ya cika fuskata.
In ni mai zunubi na iya wannan,
Ina ga Wanda ya ƙagi tausayin mata?

Ɗan manomi, Zuru:
Mama, kin sa na ajiye wayar na ɗan jima. Saura guda:

Fata ba ta tsirowa kamar rama,
Wa aka yanka aka yi musu kariya?

Baba, Ribah:
Surar ba ta ambaci sunan dabbar ba, kada mu ƙara mata abin da ba ta faɗa ba. Amma duk majemi ya san ba a samun fata sai rai ya fita. Riƙe wannan a hannu, za mu dawo kansa.

Ɗan'uwa mai gudun hijira, Gusau:
Gafara dai iyaye. A Gusau nake, amma ba nan aka yanke cibiyata ba. Damina uku ke nan da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauye. Tun jiya nake karanta ku, na kasa haɗiyewa.

Mu ma an fisshe mu daga gona,
Gero na tsaye, rumbu na ƙuna.
Ba mu ci ɗan itacen kowa ba,
Ga mu a kangon wani, nan muke kwana.
Wani ya ce mini zunubinmu ne,
Tun ranar barci ya bar idanuna.
Baba, takobin da ke ƙofar Aidan,
Shi ne wanga da ya tare hanyar garina?

Baba, Ribah:
A'a, ɗana. A'a. Buɗe Luka sura 13 ka gani da idonka.

Wanda ya gaya maka haka ya yi kuskure,
Ya zuba barkono a miki mai warkewa.
Hasumiya ta danne mutum 18 a Siluwam,
Yesu ya ce ba su fi saura saɓawa.
Abin da ya same ku aikin Kayinu ne,
Kukan jinin Habila, Allah na saurarawa.
Takobin Aidan itacen rai yake gadi,
Kada mutum ya dawwama cikin lalacewa.
Tun ba su fita ba aka yi alkawari, Farawa 3:15:
Daga mace Mai ƙuje kan maciji na zuwa.
Ƙayar da ta soki ɗana a Zuru,
Da irinta aka yi wa Yesu kambin naɗawa.
Gumin fuska, Shi ma ya zubar a lambu,
Kamar ɗigon jini, almajirai na gyangyaɗawa.
Sojoji suka tuɓe shi, suka yi kuri'a kan riga,
Mu da ke tsirara muka sami abin yafawa.
Ga amsar fatar da ka tambaya, ɗan Zuru,
Ɗan Rago ne, Yahaya ya yi mana nunawa.
Itacen da aka tsare, Wahayi 22 ya dawo da shi,
'Ya'ya sau 12, ganyensa na warkarwa.

Mama, Yelwa Yauri:
Ɗana na Gusau, bar maganar mutumin nan ta bi iska. Yara nawa gare ka, kuma shekarunsu nawa? Hunturu ya ƙarato. Muna da rigunan sanyi da zannuwa da matan zumunta suka tara, sai mu ba direban da ke zuwa wajenku.

Ɗan'uwa, Gusau:
Huɗu ne, Mama, babbar na da tara, autan bai cika biyu ba. Allah ya saka da alheri.

Daren jiya na yi barci har asuba,
Na farko tun da na bar gidana.
Mama, ki yafe in na taɓa miki ciwo:
Ɗan naki ya dawo, ko yana can wata gona?

Mama, Yelwa Yauri:
Bai dawo ba tukuna, shekara huɗu,
An ce an gan shi a Kontagora da jakata.
Mahaifinsa ne ke rufe gida da dare,
Tun ranar bai ƙara sa wa zaure sakata.