Muhawara: Shin John Dewey ne ya sangarta ɗaliban Amurka?

Malamin tarbiyya: Malamai, ina nan kan bakana. Dewey, masanin falsafa da ilimi ɗan Amurka, shi ne ya kawo tsarin a saki yaro ya yi abin da ya ga dama, malami yana kallo. Daga nan hadda da ladabi suka faɗi.

Malamar kimiyya: Malam, a duba makarantar gwajin da ya buɗe a Jami'ar Chicago a 1896 da yara 16. Darasin auduga kaɗai ya isa. An ba yara auduga da ulu su sarrafa da hannu. Rukuni ɗaya ya yi minti 30 yana cire angurya, abin da suka samu bai kai oza ɗaya ba, wajen giram 28. Nan suka gane dalilin da kakanninsu suka fi sa ulu kafin injin gurza ya zo, kuma zaren ulu ya fi tsawo da kaushi, shi ya sa yake kama juna wajen kaɗi. Awo, tarihi, kimiyya, duk a zama ɗaya. Malami ne ya tsara wannan tun daga farko har ƙarshe.

Malamin tarbiyya: Na ji, Malama. To me ya sa abin ya watse a sauran makarantu?

Mai duba makarantu: A nan Malam yana da gaskiya. A 1902 yara 140 ne a makarantar Dewey, malamai 23, ban da mataimaka. Kusan yaro shida ga malami ɗaya ke nan, kuma iyaye na biyan kuɗi. Kai wannan tsari zuwa aji mai yara 50, malami ɗaya, babu kayan aiki: a yi saƙa, a dafa abinci, a buga ƙararrawa, ba wanda ya tambaya me aka auna. Matakin tunani shi ne ke fara zubewa, wato gane matsala, kawo hasashe, gwadawa, duba sakamako.

Malamar kimiyya: Kuma yawancin abin da ake jingina wa Dewey na almajirinsa William Kilpatrick ne, wanda ya yaɗa koyo ta hanyar aiki a 1918, ya ɗora komai kan sha'awar yaro. Dewey da kansa ya soki wannan sakaci a littafinsa na 1938.

Malamin tarbiyya: Bayan shekara 20? Ai an riga an yi ɓarna, Malama. Da wuri ya kamata ya ja kunnen almajirinsa, tunda dukansu suna Jami'ar Columbia a lokacin.