Naman layya ya saki a firiza, in bar shi ya sake daskarewa?

Amaryar Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'a, don Allah ku ba ni shawara. A Gusau nake, naman layyarmu ne na ƙulla a ledoji na zuba a firiza, to tun daren Talata aka ɗauke wuta ba a kawo ba sai yau Alhamis da asuba, janaretanmu kuma ƙarami ne ba ya jan firiza. Da na buɗe ledojin sama duk sun saki har ruwan jini ya taru a gindinsu, na ƙasa kuwa suna nan kamar dutse. Hajiyarmu ta ce in ƙyale shi ya sake ƙanƙara tunda ba ya wari, ni dai hankalina bai kwanta ba saboda yara. Mi ya kamata in yi?

Ɗan Argungu:
Wa'alaikumus salam. Ai ba komai, mu kifi ma haka muke mai da shi, in ya sha wuta shi ke nan.

Nas daga Birnin Kebbi:
A'a malam, ba haka abin yake ba. 'Yar'uwa abin dubawa shi ne ya yi ɗumi ko bai yi ba. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai take, da zarar nama ya wuce digiri 5 sai su tashi su ci gaba da hayayyafa har zuwa wajen digiri 60, in kin sake daskarar da shi da su kika adana. Sa hannu ki danna kowace leda. Wadda kika ji ƙanƙara a tsakiyarta, ko sanyinta kamar yanzu aka fiddo daga firij, ki mayar ba matsala, illa dai naman zai rage daɗi don ƙanƙarar na farfasa tsokar ruwanta ya tsiyaye, shi ne jan ruwan da kika gani. Wadda ba sanyi a jikinta kuma ba ki san tun yaushe ba, wallahi ki haƙura da ita, awa 2 ne iyakar zaman nama ba sanyi, a zafin garin nan namu da ke wuce digiri 32 ma awa 1 ne. Kuma kar ki dogara da hanci, ƙwayar cutar salmonela mai sa amai da gudawa ba ta sa nama wari, wasu ƙwayoyin kuma guba suke bari wadda tafasa ba ta kashewa. Yaro ƙarami in amai da gudawa suka kama shi nan da nan ruwan jikinsa ke ƙarewa, muna gani.

Amaryar Tudun Wada:
Na gode Anti. Na sama akwai sanyi sosai sai dai ba ƙanƙara, ban da ledar hanta da kayan ciki da ke daf da murfi, ita kam lagwaf take. Gaskiya jiya yara sun yi ta buɗewa suna neman ruwan sanyi.

Nas daga Birnin Kebbi:
To buɗewar ce ta ja miki. Firiza cike in ba a taɓa ta ba tana riƙe sanyi wajen awa 48, in rabi ce 24. Kayan cikin nan ki zubar, su ne ke saurin lalacewa. Sauran masu sanyin ki dafa yau ɗin nan su dahu har ciki, in sun huce kina iya mayar da dafaffen.

Inna mai tuwo, Kaura:
Ɗiyata ɗora tukunya yanzu. Ki sulala shi da gishiri da citta da albasa har ruwan ya tsotse, ki soya shi ƙayau ya bushe, wani ki daka ki yi dambu. Mu da muka tashi ba firiza haka muke wa naman sallah ya daɗe. Gaba kuma ki riƙa ƙulla daidai na miya ɗaya ɗaya, ki jera robobin ruwa su daskare a gefe. Hajiya kuwa kar ki yi musu da ita, soyayyen za ki zuba a kwano ki kai mata.

Amaryar Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri Inna, na aika a sayo gawayi. Hantar ce dai ta ba ni takaici, don maigida na ajiye ta.