Shin Ya Dace a Fara da Ɗan Baya a Zaɓen Fantasy na Bana?

Auwal: A wasanmu na Fantasy, kowa yana zaɓen 'yan ƙwallon gasar Firimiya ta Ingila bi da bi, yana samun maki gwargwadon abin da suka yi a fili. Tunda mun amince da sabuwar dokar rukuninmu, wato maki 6 maimakon 4 ga ɗan baya da mai tsaron raga idan aka tashi wasa ba a zura musu ƙwallo ba, da kuma maki 1 ga kowace ƙwallon da ɗan wasa ya ƙwace, ina ganin duk wanda ya fara zaɓe da ɗan gaba a bana yana aiki ne da lissafin bara. Ni ne na farko a jeri, kuma ɗan bayan Arsenal zan ɗauka.

Malam Isa: Auwal, ka natsu ka sake lissafin. A kakar 2024/25 David Raya na Arsenal da Matz Sels na Nottingham Forest ne suka raba kyautar mai tsaron raga, kowannensu da wasanni 13 da ba a ci shi ba. Ƙarin maki 2 sau 13 ya kama 26 ke nan a kaka guda. A kakar 2024/25 ɗin dai Salah na Liverpool ya ci ƙwallo 29, ya taimaka aka ci 18, ya tara maki 344 a Fantasy. Ina 26 za ta kai ka?

Hajara: Malam, hujjarka tana da ƙarfi, sai dai ka tsallake rabin dokar. Makin ƙwace ƙwallo ba ya jiran sakamakon wasa, domin ko an lallasa ƙungiya ana biyansa, kuma masu cin moriyarsa su ne 'yan tsakiya masu tare hanya irin su Caicedo, waɗanda a da babu mai waiwayarsu.

Bashir: Ni abin da nake dubawa daban ne. Mu takwas ne, kowa zai ɗauki 'yan baya biyar da 'yan gaba uku. Ke nan za a kwashe 'yan baya 40 daga cikin kimanin 80 da ke fara wasa a ƙungiyoyi 20 na Firimiya, amma 'yan gaba 24 za a nema, alhali yawancin ƙungiyoyi da ɗan gaba ɗaya suke fita. Auwal, tunda jerin yana juyawa a zagaye na biyu, bayan zaɓenka na farko sai na 16. Kafin nan an gama da 'yan gaban kirki, 'yan baya kuwa ko a zagaye na shida za ka same su zube kamar tumatir a kasuwar kaka. Bara na yi wannan gangancin, na ƙare da ɗan gaban da ke shigowa a minti na tamanin.

Auwal: Na karɓi batun ƙarancin 'yan gaba, Bashir, amma ba kowane ɗan baya ne ke haɗa tsare raga da ƙwace ƙwallo ba. Ƙungiyar da ke riƙe ƙwallo ba ta cika buƙatar ƙwacewa ba, wadda ake matsa wa kuwa ragarta ba ta tsira.

Hajara: To ai ka rushe hujjarka da kanka, domin dokokin biyu suna janye wa juna, kuma hakan yana rage tazarar da ke tsakanin 'yan bayan.

Malam Isa: Ka ɗauki ɗan bayanka, Auwal, Allah ya ba da sa'a. Ni ne na biyu a jeri, kuma na riga na rubuta sunan ɗan gaba Haaland.